Kigali: Birnin da ke son ya yi sama maimakon ya cinye gonaki

Duk lokacin da aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a Kigali, babban birnin Ruwanda, hankalin 'yan kasuwa da direbobin tashar Nyabugogo yakan koma kan magudanar ruwa ta Mpazi. Ta nan ne ruwan da ya gangaro daga tuddan Kimisagara da Gitega yake bi, ya kwaso laka da shara daga tsakanin dubban ƙananan gidajen da ke manne a jikin gangare, ya sauke su a kan babbar tashar motar ƙasar.

A gefen wannan magudana ne a 'yan shekarun nan aka fara ganin jerin benaye na jan bulo, masu hawa kaɗan, a daidai wuraren da aka rushe tsofaffin gidajen laka. Mafi yawan waɗanda suka shiga benayen su ne masu filayen tun asali. Ba a kwashe su zuwa bayan gari ba.

Wannan ƙaramin gwaji wani ɓangare ne na ƙoƙarin da Ruwanda ta shafe kusan shekara 20 tana yi tare da masu tsara birane daga Amurka da Singafo da Suwizalan da Jamus da Birtaniya, domin amsa tambaya guda: ta yaya birni zai ɗauki ninkin jama'ar da yake da ita ba tare da ya ci gaba da bazuwa cikin gonaki da fadamu ba?

Ƙasa ta yi kaɗan

Faɗin Ruwanda murabba'in kilomita 26,338 ne, wato ta ɗan fi jihar Katsina girma. Ƙidayar shekarar 2022 ta nuna tana da mutum miliyan 13.2, abin da ke nufin mutum fiye da 500 a kowane murabba'in kilomita. Hakan ya sa tana sahun gaba a yawan jama'a a kan ƙaramin fili a nahiyar Afirka. Yawancin magidanta manoma ne, kuma gonar mafi yawansu ba ta kai hekta ɗaya ba.

Shi kansa Kigali ƙaramin gari ne a da. Wani Bajamushe mai suna Richard Kandt ne ya kafa shi a 1907, kuma lokacin da ƙasar ta samu 'yancin kai a 1962 mazaunansa ba su wuce kimanin 6,000 ba. Bayan kisan kiyashin 1994, 'yan gudun hijirar da suka dawo gida da mutanen karkara masu neman abin yi suka yi ta kwarara cikinsa. A ƙidayar 2012 an samu mutum miliyan 1.13, a ta 2022 kuma miliyan 1.75. An samu ƙarin mutum sama da dubu 600 ke nan cikin shekara goma.

Birnin na da faɗin murabba'in kilomita 730, amma ba duka ake iya ginawa ba. Wani kaso mai yawa gangaren tudu ne mai haɗarin zaftarewa, wani kuma fadama ce da ke kwance tsakanin tuddan. Talakan da ya shigo gari ba shi da zaɓi illa ya raɓa a gangare ko a bakin fadama. Mai ɗan hali kuwa sai ya nufi bayan gari, ya sayi gona, ya yanka ta, ya kewaye da katanga. Fiye da rabin mazauna birnin suna zaune ne a unguwannin da aka gina babu tsari.

Abin da bazuwar gari ke ci

Matsalar ba ta Kigali kaɗai ba ce. Wani bincike da Bankin Duniya ya wallafa a 2005, ƙarƙashin jagorancin masanin birane Shlomo Angel, ya yi hasashen cewa tsakanin 2000 da 2030 mazauna biranen ƙasashe masu tasowa za su ninka sau biyu, amma filin da biranen suka mamaye zai ninka sau uku. Ma'ana gari yana faɗaɗa fiye da yadda mutanensa ke ƙaruwa.

Lissafin a bayyane yake. Fili mai ƙafa 50 da 100 ya kai kimanin murabba'in mita 465. Hekta ɗaya ba ta ɗaukar fiye da irinsa 21, kuma idan aka cire hanyoyi da magudanan ruwa zai dawo wajen 15. Idan kowane fili iyali ɗaya ne a kansa, iyali 15 ke nan za a shimfiɗa wa titi, a ja musu bututun ruwa da wayar lantarki. Idan kuwa a kowane fili aka ɗora bene mai hawa uku, gida biyu a kowane hawa, wannan titin da wannan bututun za su yi wa iyali 90 aiki.

Akwai kuma kuɗin mota. Motar haya ba ta cika a unguwar da gidaje suka yi nesa da juna, don haka ko dai ta ƙi zuwa ko ta tsawwala kuɗi. Mai aikin ƙarfi da ke kwana a bayan gari zai kashe wani kaso mai tsoka na abin da ya samu a hanya, ko ya haƙura da aikin. Wani rahoton Bankin Duniya na 2017 kan biranen Afirka ya gano cewa rayuwa a cikinsu ta fi tsada da kashi 29 cikin 100 idan aka kwatanta da biranen ƙasashen da ke da irin kuɗin shigarsu, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne yadda unguwanni suka warwatsu babu haɗi.

Daga Denver zuwa Singafo

Gwamnatin Ruwanda ta fara ne da ɗaukar kamfanin OZ Architecture na birnin Denver a Amurka, wanda ya zana tsarin farko na yadda Kigali zai kasance. An amince da shi a 2008. Daga nan aka miƙa aikin fayyace tsarin unguwa-unguwa ga kamfanin Surbana na Singafo, wanda ya fara da gundumar Nyarugenge, sannan Gasabo da Kicukiro, aka haɗa su wuri guda a matsayin babban tsarin birni na 2013.

Zaɓen Singafo ba a banza aka yi shi ba. Faɗin tsibirin kusan daidai yake da na Kigali, amma yana ɗauke da mutum kimanin miliyan shida, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙasar suna zaune a benayen da hukumar gidaje ta gwamnati, HDB, ta gina tun daga 1960. Shi kansa Surbana daga cikin wannan hukuma ya fito. Shugaba Paul Kagame ma bai taɓa ɓoye sha'awarsa ga yadda Singafo ta gina kanta ba.

Tsarin na 2013 ya raba birnin kashi-kashi: nan kasuwanci, nan masana'antu, nan gidaje. Ya ware tsakiyar gari domin dogayen gine-gine, ya ƙayyade yawan hawan da dole a yi a wasu yankuna, ya hana gini a fadama. Hotunan da aka fitar na Kigalin gobe, mai benayen gilashi da faffaɗan tituna, sun zagaya duniya.

Inda zane ya ci karo da aljihu

Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Singafo ta yi nasara ne da wasu abubuwa da Ruwanda ba ta da su. Dokar karɓar filaye ta 1966 ta bai wa gwamnatin Singafo damar mallakar kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar. Tun 1968 kuma ma'aikata ke amfani da asusun ajiyar dole da ake cira daga albashinsu wajen biyan kuɗin gida. A Kigali, mafi yawan mutane ba su da albashin wata, bashin banki na da tsadar ruwa, filaye kuma suna hannun ɗaiɗaikun mutane. Tsakanin 2009 da 2013 an yi wa filaye fiye da miliyan 10 rajista a faɗin ƙasar da tallafin Birtaniya, don haka kusan kowane ɗan fili yana da mai shi da takardarsa.

Sakamakon shi ne mai ƙaramin fili a yankin da aka ce sai bene ya shiga tsaka mai wuya. Ba shi da kuɗin bene, kuma ba za a ba shi izinin ƙara ɗaki biyu a gidansa ba. Da yawa sun sayar sun koma bayan gari, wasu har ƙetaren iyakar birnin inda doka ba ta da tsanani. Tsarin da aka yi domin hana bazuwa sai ya zama yana tura mutane waje.

Gidajen da aka gina bisa ƙa'ida kuma sun fi ƙarfin yawancin jama'a. Rukunin gidaje na Vision City, wanda hukumar fansho ta ƙasar ta zuba wa kuɗi, ya daɗe bai samu masu saye ba har sai da aka rage farashi. A farkon 2017 hukumar birnin ta umarci kamfanoni da ƙungiyoyin da ke aiki a gidajen kwana su koma gine-ginen kasuwanci, a daidai lokacin da sababbin benayen tsakiyar gari ke neman 'yan haya.

Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne tashin unguwanni. A 2008 an tashi talakawan wani sashe na Kiyovu, dab da tsakiyar gari, aka mayar da wasunsu Batsinda da ke gefen birni. Daga baya rikici ya ɓarke kan unguwannin Kangondo da Kibiraro, waɗanda ke maƙwabtaka da unguwar masu hali ta Nyarutarama. Hukuma ta gina musu benaye a Busanza, amma da yawa daga cikin masu gidajen suka ce diyyar kuɗi suke so, domin a tsohon wurin suna da ɗakunan haya da suke ci da su, kuma suna kusa da wuraren aikinsu. An shafe shekaru ana ja-in-ja har gaban kotu, kafin a kammala rushe unguwar a 2022.

Gyaran 2020

Ganin haka ya sa aka sake kiran kamfanin, wanda a lokacin ya zama Surbana Jurong, domin ya yi wa tsarin garambawul. A wannan karon an zauna da mazauna unguwanni da masu gine-gine da masana na cikin gida an ji kokensu. Sabon tsarin, wanda aka ƙaddamar a 2020, ya yi hasashen Kigali zai kai mutum miliyan 3.8 nan da 2050.

Bambancinsa da na baya shi ne sassauci. Ya amince a haɗa gida da shago ko ƙaramar sana'a a gini ɗaya. Ya amince mutum ya yi gini sannu a hankali, ya fara da ƙasa, ya ɗora sama idan ya samu hali, matuƙar harsashin zai ɗauka. Ya karkata ga gyara tsofaffin unguwanni a inda suke, a shigar musu da hanya da ruwa da magudana, maimakon a share su. Ya kuma tanadi tara gidaje da kasuwanni a gefen manyan titunan da za a keɓe wa motocin safa hanyarsu.

Baya ga haka, ƙa'idar tsara birane ta ƙasar ta taƙaita filin gidan iyali ɗaya a murabba'in mita 300, kuma tun 2010 akwai dokar da ta ba mutum damar mallakar gida ɗaya a cikin bene da takardarsa ta kansa. A ɓangaren fadamu, an kwashe masana'antun Gikondo zuwa yankin masana'antu na musamman, aka kuma farfaɗo da fadamar Nyandungu mai hekta 121, wadda aka buɗe a matsayin wurin shaƙatawa a 2022.

Gwajin Mpazi

Aikin Mpazi ya samo asali ne daga wani shiri da hukumar raya ƙasashe ta Suwizalan ta ɗauki nauyi, kamfanin Skat Consulting kuma ya gudanar tare da hukumar birnin. Da farko ma shirin na inganta sana'ar yin jan bulo ne. Injiniyoyin suka kawo salon jera bulo a tsaye ta gefensa, a bar rami a tsakiyar bango, irin wanda mai zanen gine-gine Laurie Baker ya yaɗa a jihar Kerala ta Indiya. Salon na rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bulon da ake buƙata, yana rage siminti, ramin kuma na hana zafi shiga ɗaki. Ana zura rodi a wasu ramukan a cika da kankare, sai bangon ya iya ɗaukar bene. Tun da bulon yana da kyan gani, ba a buƙatar filasta ko fenti.

Yumɓun daga ƙasar ake haƙo shi, magina kuma 'yan unguwa ne da aka horar, don haka kuɗin aikin ba ya tafiya waje wurin sayo kaya.

Sun fara da gini ɗaya mai gida takwas a filin da a da gidaje ƙalilan ne. Da aka ga ya tsaya, sai aka shiga tattaunawa da maƙwabta. Yarjejeniyar ita ce masu filaye su haɗa filayensu wuri guda, a ƙiyasta darajar abin da kowa ya kawo, a rushe, a gina benaye, kowa ya karɓi gida daidai da darajar kadararsa. Wanda kadararsa ke da yawa yakan samu fiye da gida ɗaya, ya zauna a ɗaya ya sa haya a sauran. Gidajen da suka yi rara kuma a ba iyalan da aka ɗauke daga wuraren da ke da haɗarin ambaliya ko zaftarewar ƙasa. Filin da aka samu saboda an yi sama shi ake mayarwa hanya da magudana da wurin wasan yara. Daga baya gwamnati ta karɓi salon ta faɗaɗa shi zuwa ɗaruruwan gidaje a yankin.

Tsarin na da nasa rauni. Ya fi kare mai takardar fili, alhali fiye da rabin magidantan Kigali 'yan haya ne. Idan aka rushe ɗakin laka mai arha aka gina mai ruwa da banɗaki a ciki, haya na tashi, ɗan hayan da ya fi kowa talauci kuma ya koma wani gangaren. Sannan har yanzu kuɗin ginin daga gwamnati da masu ba da tallafi yake fitowa, kuma gidajen da aka gina ɗigo ne idan aka auna da buƙatar birnin.

Tudun Kinyinya

A arewacin birnin akwai wani gwajin mafi girma. An ware hekta 600 a tudun Kinyinya domin aikin Green City Kigali, wanda asusun kare muhalli na Ruwanda ke jagoranta da tallafin bankin raya ƙasashe na Jamus, KfW. An yi gasar zane ta ƙasa da ƙasa, kamfanin Feilden Clegg Bradley Studios na Birtaniya ya lashe. Manufar ita ce unguwanni masu matsakaitan benaye, inda makaranta da kasuwa da asibiti ke kusa da za a iya zuwa a ƙafa, a yi amfani da kayan gini na gida, a kuma tattara ruwan sama kafin ya zama ambaliya. An tsara farawa da hekta 16. Abin da masu lura da aikin ke jira su gani shi ne farashin gidajen, domin a nan ne ayyukan baya suka yi tuntuɓe.

Darasin Addis Ababa

Habasha ta riga Ruwanda shiga wannan hanya. A tsakiyar shekarun 2000 hukumar birnin Addis Ababa, da taimakon ƙwararru na hukumar GTZ ta Jamus, ta gwada gina benaye masu arha a Bole Gerji. Daga nan aka mayar da shi shirin ƙasa, aka gina gidaje dubu ɗaruruwa, ana raba su ta hanyar ƙuri'a ga waɗanda suka yi ajiya a banki.

Amma da filin cikin gari ya yi tsada, sai manyan rukunan suka koma can gefe, irin su Koye Feche, nesa da wuraren aiki, a kan gonakin manoman Oromo. Da yawa daga cikin talakawan da suka ci ƙuri'a sun kasa biyan bashin wata-wata, suka sa haya suka koma inda suka fito. Shirin faɗaɗa birnin cikin yankin Oromiya da aka bayyana a 2014 ya haddasa zanga-zangar da ta ci rayuka, har gwamnati ta janye shi a farkon 2016. Abin da Addis Ababa ta nuna shi ne bene kaɗai ba ya hana gari bazuwa idan a bayan gari aka dasa shi.

Abuja da Kano

Najeriya ma ta san aikin masu tsara birane na waje. Baturen Ingila Max Lock ya zana wa Kaduna tsarin shekara 50 a 1967. Gamayyar kamfanonin Amurka ta International Planning Associates ce ta zana babban tsarin Abuja a 1979, shahararren mai zanen gine-gine na Japan Kenzo Tange kuma ya tsara tsakiyar birnin. An samu faffaɗan tituna da manyan filaye, amma ƙananan ma'aikata da masu sana'a ba su samu wurin kwana a ciki ba. Cunkoson motocin da ake gani kowace safiya daga Mararaba da Nyanya da Masaka da Suleja shi ne farashin hakan.

A Kano, gonakin Kumbotso da Ungogo da Gezawa da Dawakin Kudu suna ta komawa filaye, da yawa ta hanyar awon igiya, inda ake yanka fili a sayar kafin a yi maganar hanya ko magudana. Alhali tsohon birni na cikin ganuwa ya daɗe yana ɗaukar jama'a mai yawa a ƙaramin wuri, da zaure da tsakar gida da soro, kasuwa da masallaci da makaranta duk a tafiyar ƙafa. Duk mai son kawo bene a irin wannan wuri sai ya warware batun sirrin gida, domin babu magidancin da zai yarda tagar maƙwabci ta leƙa tsakar gidansa, sai kuma batun gidajen gado da ke da magada da yawa. Irin waɗannan abubuwa ba a ganinsu daga ofishin zane a wata nahiya, sai an zauna da masu unguwa.

A Kigali ma sai da aka yi kusan shekara goma ana karo kafin hukuma da baƙin ƙwararrun su koma teburi da mazauna gari. Tsarin na 2050 na nufin samar wa ƙarin mutum miliyan biyu matsuguni cikin shekarun da ba su kai 30 ba. Yawancinsu za su zo ne da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma inda za su kwana, a cikin gari kusa da aiki ko a kan gonar wani a Bugesera da Kamonyi, shi zai nuna ko zanen ya yi amfani.